Ɗan Aike Mai Tsada: Shin Sauya Sitirima Na Gyara Sautin Gida?

Cikin masu son kayan sauti a Turai, Amurka da Japan akwai wata magana da ta kafu har ta zama kamar karatun allo: wai in kana son kiɗan falonka ya gyaru, ka fara da sauya sitirima, wato akwatin nan da ke ɗauko waƙa daga intanet ya miƙa wa amfilifaya. Za ka ji ana cewa ta dala dubu biyar tana buɗe sauti, ta matso da muryar mawaƙi, ta ƙara wa ganga nauyi, ta dala ɗari kuwa cushe komai take yi wuri guda. Tazarar farashin ma ta ba maganar gindin zama: a 2015 Google ya fito da Chromecast Audio kan dala 35, a lokacin da kamfanoni irin su Linn na Sikotland ke sayar da tasu dubban daloli. Da yake mun tashi da jin cewa araha ba ta ado, zancen kan shige ba tare da an tsare shi da tambaya ba. In aka warware shi zare-zare, ƙarya ce guda babba da aka naɗe cikin 'yan gaskiya ƙanana.

Sitirima ɗan aike ce. Waƙar da ke Spotify, Tidal, Qobuz ko Audiomack jerin lambobi ce, kuma aikin akwatin shi ne ya karɓo lambobin ya kai wa wani sashe da ake kira DAC, wanda ke juya su su zama igiyar lantarki da lasifika za ta iya kaɗawa. Ƙa'idar da intanet ke aiki da ita tana binciken kowane ƙunshin bayani. In ya iso da tawaya, sai a sake aiko shi. Da wannan hanyar kuɗi ke tashi daga banki zuwa banki, kuma ba a taɓa jin naira dubu ta zama ɗari tara don wayar mai karɓa ta araha ce ba. Lambobin ba sa wucewa kai tsaye. Ana tara su ne tukuna, kamar yadda ɗan garuwa ke juye ruwa a randa lokacin da ya samu zuwa, mai gida kuma yana ɗiba da moɗa a natse. Muddin randar ba ta ƙafe ba, saurin ɗan garuwa ko nawarsa ba ya shafar ruwan. In ta ƙafe, waƙar tsayawa take yi cak, kowa ya ji. Babu wani matsakaicin hali da lambobi za su iso cif amma su sa kalangu ya rasa armashi.

Masu kare tsada sun san haka, shi ya sa sukan koma ga lokaci. Sukan ce lambobin daidai ne, amma agogon da ke sakin su yana rawa, kuma rawar na gurɓata sauti. A nan suna da tushe. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kuma in tazarar awon ta yi tangal-tangal, igiyar da za ta fito takan karkace. Tsohuwar hanyar haɗi ta S/PDIF tana cusa agogo cikin saƙon kansa, don haka DAC na da can yakan gaji rawar mai aikowa. Abin tambaya shi ne yawan rawar da kunne ke iya kamawa. Gwajin injiniyoyin Dolby a 1998 bai sami mai jin ta cikin kiɗa ba sai ta kai gomman nanosakan (nanosakan guda kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Wani gwajin da Ashihara da abokan aikinsa suka wallafa a Japan a 2005 ya gano sai ta kai ɗaruruwa. Na'urorin yau masu lafiya, har da na araha, sukan tsaya ƙasa da nanosakan guda, kuma a haɗin USB na zamani DAC ne ke riƙe da agogonsa, ba ruwansa da na sitirima. Cutar ta taɓa wanzuwa, an yi maganinta, amma har yau ana tallar maganin.

Sai batun manyan lambobi a jikin kwali: bit 24, awo 192,000 a sakan. Lissafin masana Nyquist da Shannon ya nuna awo 44,100 ya isa ya riƙe duk sautin da bai kai kaɗawa 22,050 a sakan ba, kunnen matashi kuwa iyakarsa wajen 20,000, kuma yana ja da baya da shekaru. A 2007 masu bincike Meyer da Moran sun yi gwaji 554 a Boston, inda masu sauraro suka kasa bambance faifai mai manyan lambobi da wanda aka rage zuwa matakin CD. Abin da suka ci bai wuce rabi ba, tamkar canke. An soki gwajin da cewa wasu faya-fayan ba na ainihi ba ne, kuma sukar tana da nauyi. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike 18, ya sami ɗan bambanci na gaske: masu sauraro sun canka daidai wajen kashi 52 cikin ɗari, abin ya haura sosai ga waɗanda aka horar. Adalci shi ne a yarda akwai wani abu a wurin, amma siriri ne ƙwarai, kuma sitirimar dala ɗari ma tana kunna waɗannan fayiloli.

To mutumin da ya rantse ya ji bambanci fa? Ba ƙarya yake yi ba, kuma raina shi kuskure ne. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun sa ma'aikatansu auna lasifiku, sau ɗaya suna kallonsu, sau ɗaya an rufe su da labule. Da ido a buɗe, manya masu ƙyalli suka ƙara maki, ƙaramar mai araha ta faɗi. Bayan labule tazarar ta tsuke. A nan karin maganar gani ya kori ji ta sami ma'anar da masu ita ba su nufa ba. In ido zai iya yin haka ga lasifiku, waɗanda bambancinsu a fili yake, ina ga akwati biyu masu fitar da lambobi iri ɗaya? Akwai kuma tarkon ƙarfin murya: tun aikin masana Fletcher da Munson a 1933 aka san cewa ƙara murya kaɗan kan sa kunne ya fi jin kaurin sauti da siririnsa. Na'urar da ta fi 'yar'uwarta da rabin desibel ba za a ce ta fi ƙara ba, za a ce ta fi daɗi.

Duk da haka akwai inda sauyin ke jiyuwa, kuma kowane yana da dalilin da za a iya nunawa da yatsa. Wanda ya bar Bluetooth, mai matse waƙa ya zubar da wani sashenta, ya koma sitirima mai ɗauko fayil cikakke, hanya ya sauya, kuma yana iya ji. Wanda tsohon akwatinsa ke da DAC mara kyau ko mai raunin fitarwa zai amfana, amma yabon na DAC ne. Wanda ke jin gunjin lantarki ko tsuwwa saboda caja mara inganci, inbata ko janareto, zai sami sauƙi da na'ura mai tsabtar wuta, ko da yake wayar haske ta Toslink, wadda ba ta ɗaukar lantarki sam, takan yanke gunjin da ke biyo wayar haɗi da kuɗi kaɗan. Wadda ta fi duka tasiri ita ce sitirimar da ke auna ɗaki da makirufo ta rage sautin da bango ke kumburawa, domin ita da gangan take sauya lambobin. Ƙari kan haka, manhaja mai sauƙin sarrafawa da rashin yankewa abin biya ne, sai dai a kira su da sunansu.

Kuskuren DAC mai kyau ba ya kai kashi ɗaya cikin dubu na kashi ɗaya cikin ɗari. Na lasifika kuwa kan kai kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye a sauti mai kauri, falo mai tayil da bangon siminti tsirara kuma na iya ɗaga wani sautin ko danne shi da desibel goma. Jawo lasifika daga kusurwa da shimfiɗa darduma sun fi kowace sitirima aiki. Ita kanta waƙar ma da iyakarta: yawancin waƙoƙin Mamman Shata da ke yawo a wayoyi daga kaset aka kwafo su, aka matse, aka sake matsewa, kuma babu akwatin da zai dawo da abin da ya zube a hanya. Mai shakka na iya gwadawa a gida: ya haɗa sitirima biyu da DAC guda, ya daidaita ƙarfinsu da mita, ya sa wani ya riƙa sauyawa a ɓoye sau 16. In ya canka daidai sau 12 ko fiye, damar a ce sa'a ce kawai ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba.