Kafin Ka Sayar da Sa Don Kuɗin Jami'a, Duba Haƙorin Makarantar

Zancenmu na wannan mako daga Akra ya taso, daga Nima da Mamobi, amma ya shafi duk mai ɗa ko 'ya da ya gama sakandare, ko a Maraɗi yake ko a Illela.

Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san ba a sayen sa da ganin ƙaho. Sai an buɗe baki an duba haƙori, an sa shi ya taka. To, abin mamaki, mutumin da ba a iya cutarsa a kasuwar Tulaku ta Ashaiman, shi ne zai sayar da shanu biyu ya miƙa kuɗin ga makarantar da bai san komai a kanta ba sai allon bakin titi. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Yaro ya yi shekara huɗu yana shiga aji, ya sa riga da hula an ɗau hoto, ranar neman aiki a ce masa takardarsa ba ta da rajista. Kuɗi sun tafi, shekaru sun tafi.

Wa ke duba haƙorin makarantu? A Gana, tun 1993 aka kafa hukumar tantance manyan makarantu. A 2020 majalisa ta yi doka mai lamba 1023, ta haɗe ta da majalisar kula da ilimi mai zurfi, suka zama hukuma guda da ake kira GTEC. Ita ke tura masana su ga malamai nawa ne, wane digiri gare su, ina ɗakin karatu, ina ɗakin gwaje-gwaje, me ake koyarwa. In ta gamsu ta ba da izini. In ba ta gamsu ba, makarantar ba ta da hurumin ɗaukar ɗalibi.

Sai dai a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Izinin iri biyu ne: akwai na makarantar kanta, akwai kuma na kowane kwas da take koyarwa. Ku da kuke ƙetare iyaka kun san wannan. Takardar mota daban, takardar kayan da ke cikinta daban. Mota na iya zama da cikakkun takardu a Aflawo ko Paga, amma a tsare kaya. Haka makaranta na iya samun izinin koyar da lissafin kuɗi, ta buɗe kwas ɗin jinya ba tare da an tantance shi ba. Reshen da ta buɗe a wata unguwa ma sai da nasa izinin.

Na biyu, izinin yana da wa'adi, yana ƙarewa a sabunta. Kada a ɗauka ƙananan makarantu kaɗai abin ke shafa. Rahoton babban mai binciken kuɗin gwamnatin Gana na 2021 ya nuna kwasa-kwasai 374 na Jami'ar Gana da ke Legon, da 299 na Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi, ba su da izini mai aiki a lokacin. In haka ta faru da manya, ina ga wadda ta kama hayar bene ɗaya a bayan tasha?

Na uku, a tambaya: sunan wa zai fito a kan digirin? A Gana, yawancin jami'o'i masu zaman kansu sun fara aiki ne a ƙarƙashin wata tsohuwar jami'a, kamar yaron shago a hannun ubangidansa. Tsohuwar ce ke sa ido kan jarrabawa, ita ke ba da digiri, har ranar da shugaban ƙasa zai ba sabuwar takardar cin gashin kai. Jami'ar Valley View ce ta fara samun irin wannan takarda cikin masu zaman kansu, a 2006. Kwalejin Jami'ar Musulunci ta Gana da ke Adjiringanor, wadda 'ya'yan zango da dama suka yi karatu a cikinta, da alaƙa da Jami'ar Legon ta taso. Wannan ba abin kunya ba ne, hanya ce. Abin tsoro shi ne makarantar da ka tambaya wa ke ba da digirinta, aka shiga yi maka kwana-kwana.

Yanzu mu ƙetara iyaka, don yaranmu ba a ƙasa ɗaya suke karatu ba. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya ba da labarin yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga hidimar ƙasa. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo. A Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi sama da 22,000 daga ƙasashen biyu. Abin ya shafi har waɗanda suka zauna suka yi karatu da gaske, don in kifi ɗaya ya ruɓe a kwando, sauran ma sai an shinshina.

Saboda haka kowace ƙasa da mai tsaron ƙofarta. A Najeriya NUC ke kula da jami'o'i, NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da kwalejojin fasaha. Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci suna cikin CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta na Wagadugu. Wanda ya kawo digiri daga waje zuwa Gana, ko daga Kano ne, ko Alkahira, ko Madina, GTEC ce ke auna shi ta faɗi matsayinsa. In ɗanka a Akra zai yi karatu amma a Sakkwato zai nemi aiki, a bincika ɓangarorin biyu tun kafin a biya.

Me ya kamata uba ko uwa su yi? Alhaji, Hajiya, ko ba ku karanta Turanci, kuna da ɗa ko jika mai waya. GTEC na sa sunayen makarantu da kwasa-kwasan da ta amince da su a shafinta na intanet. A nemo sunan makarantar, a nemo sunan kwas ɗin, a duba ranar da izinin zai ƙare. A je makarantar da ƙafa, a ce a nuna takarda. In kwas ɗin jinya ko ungozoma ne, a tambaya ko majalisar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa ta san da shi, don ita ke ba da lasisin aiki. Kuɗi kuwa a asusun makaranta ake biya a karɓi rasit, kada a danƙa wa dillali a hannu. Duk wanda ya ce zai kawo digiri cikin wata shida, a tuna araha ba ta ado.

Mai albasa da ya kwana uku a hanya daga Galmi zuwa Adjen Kotoku ya san da wace wahala ake samun sidi ɗaya. Tambayar yini guda ba ta kai wannan wahalar ba, kuma matambayi ba ya ɓata.

Allah ya yi wa zuri'a albarka. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.