Idan ɗanki ya ce "tikiti ya yanke"

Uwargida, in ɗanki ya dawo daga gidan kallon ƙwallo a Mabera ko Runjin Sambo yana kiran Messi akuya, ba zagi ba ne, kirari ne. GOAT suke nufi, taƙaicen Turanci na gwanin da ba a taɓa yin irinsa ba, wanda ya dace da sunan akuya. Tun da Ajantina ta ɗauki Kofin Duniya a Katar a 2022, 'yan Messi suka ce gardama ta ƙare. 'Yan Ronaldo har gobe ba su yarda ba. Wannan duk ki bar shi da abinsa.

Inda za ki kasa kunne shi ne "oba" da "tikiti ya yanke". Yaren caca ne. Oba zuba kuɗi ne kan yawan ƙwallayen da za a ci. Tikiti ya yanke kuwa, wasa ɗaya ya ɓata lissafi, kuɗi sun tafi.

Mu ma'aikatan jinya rashin barci da saurin fushi muke fara tambaya. Ke kina da alamar da ta fi tamu: ƙungiyarsa ta ci, amma ya shigo fuska a murtuke. Ki ja shi gefe, ba gaban ƙannensa ba, ki tambaye shi nawa ya zuba.