Me Ya Kai Galadima Cikin Jerin Mazaɓun Anka?

Ƙaramar Hukumar Anka da ke Jihar Zamfara tana da mazaɓu 10. Bakwai daga cikinsu sunayen wurare ne: Bagega, Wuya, Waramu, Matseri, Sabon Birni, Barayar Zaki da 'Yar Sabaya. Sauran ukun kuwa su ne Galadima, Ɗan Galadima da Magaji, waɗanda kowa ya san sarautu ne. To, me ya kai rawani cikin rajistar hukumar zaɓe?

Bari mu fara leƙa maƙwabta. A Gummi, cikin mazaɓu 11, akwai Magaji da Ubandawaki. A Gusau akwai Galadima da Madawaki da Mayana. Amma a Bukkuyum jerin sunayen garuruwa ne, irin su Gwashi, Adabka da Nasarawa. Ke nan abin bai game ko'ina ba. Yana fitowa ne inda gari ɗaya ya yi girman da sai an tsaga shi kashi-kashi.

Sai mu hau zuwa birnin Sakkwato, inda sawun ya fi fitowa fili. Mazaɓun Sakkwato ta Arewa sun haɗa da Waziri A, B da C, da Magajin Gari, da Magajin Rafi, da Sarkin Adar, da Sarkin Musulmi. A Sakkwato ta Kudu har akwai mazaɓar Sarkin Zamfara, sarautar da Sarkin Anka yake riƙe da ita. Mutanen Sakkwato da Zamfara ba sa rikicewa da wannan, domin tun kaka da kakanni shiyar Waziri ko shiyar Magaji suke cewa. Haruffan A, B da C ne kawai baƙi, an liƙa su ne da jama'a suka yi wa shiyya ɗaya yawa.

Saura dalilin da ya sa shiyya take ɗaukar sunan sarauta. A tsohon tsari manyan masu sarauta a gindin sarki suke zama. Kowanne da gidansa, 'yan'uwa da barori da masu neman inuwarsa kuma sun kewaye shi. Baƙo idan ya sauka, ta hannunsa yake isa fada. Rigima idan ta tashi, zaurensa ake fara zuwa. Sarauta kuma ba ta mutuwa tare da mai ita, don haka sunan ya zauna wa wurin daram.

Anka ta cika wannan sharaɗi. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya tare a Anka da fadawansa da sarautunsa.

Mataki na ƙarshe shi ne yadda sunan ya hau takarda. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun mulki ƙasa ta hannun sarakuna, suka riƙa tara haraji ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, aka rubuta shiyyoyin a littattafan En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya tarar da su a haka. Masu yanka mazaɓu su ma suka bi iyakokin da jama'a suka riga suka sani. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, sunayen suka biyo ta.

Wannan gado ne da ya cancanci kulawa. Garuruwanmu suna faɗaɗa, mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suna ta kafa sababbin unguwanni a gefen Anka da Gummi. Ya kamata masarautu da ƙananan hukumomi su zauna da dattawan da suka san inda kowace shiyya ta fara da inda ta tsaya, a rubuta, a zana taswira, a kuma koya wa yara a makaranta.