Tudu Da Kwari A Lissafin Aljebra

Da yawa daga cikinmu 'yan aji na ƙarshe mukan firgita in aka ce mu nemo inda polinomiyal ta kai ƙololuwa ko ta faɗa ƙasa. Ga wani sirri da zai rage mana wahala a ɗakin jarrabawa.

Mu ɗauki P = x³ − 3x. In muka zana ta, za mu ga tudu a x = −1, inda ta kai 2, da kwari a x = 1, inda ta sauka zuwa −2. Sai kuma Q = 2x³ − 6x + 5. Tudunta yana kan −1, kwarinta a kan 1, daidai da na P. In mun duba sosai, Q = 2P + 5.

Dalili kuwa shi ne: a kan tudu ko cikin kwari, gangarar layin sifili ce. Gangarar polinomiyal mai mataki uku tana da mataki biyu, don haka in ta zama sifili a −1 da 1, dole ta zama wata lamba sau (x + 1)(x − 1). Gangarar P da ta Q ba su bambanta ba sai ta wannan lambar. Saboda haka Q = cP + d. In c ta gaza sifili, tudu ya koma kwari.

Amma a kula, sai matakin ya zama ɗaya. Dubi x² da x⁴: dukansu suna da kwari a sifili, amma dangantakarsu ta daban ce, ɗaya ita ce ɗayar sau kanta.

Masanin Rasha Pafnuti Cebishef, wanda ya rayu daga 1821 zuwa 1894, ya zurfafa a wannan fanni. A 1854 ya yi rubutu kan sandunan injin tururi, yana neman su yi tafiya miƙe da ƙaramin kuskure. Cikin polinomiyal masu sunansa akwai T₂ = 2x² − 1 da T₄ = 8x⁴ − 8x² + 1. Tsakanin −1 da 1, T₂ tana kai iyakarta a −1, 0 da 1. A waɗannan wurare ukun T₄ takan kai 1, ƙololuwarta, domin T₄ = 2(T₂)² − 1.

Don haka in tambaya ta ba mu wuraren tudu da kwari, mu rubuta gangara tukuna, daga nan mu dawo ga polinomiyal. Ƙannenmu masu tasowa, ku gwada da x = 0 da x = 2.