Filinge: yadda ake taimaka wa yaran lakwal da tsoro da fushi da baƙin ciki suka dame su

A Filinge da ƙauyukan Kurfai, malaman lakwal suna karɓar yaran da iyayensu suka gudo daga arewa, wajen Abala da Banibangu. Wasu sun rasa uba, wasu sun ga abin da ko babba ba ya iya mantawa.

Ranar 15 ga Maris 2021 an kashe mutum 58 a hanyar dawowa daga kasuwar Banibangu. A shekarar 2022, makarantu sama da 800 ne ke rufe a jihar Tillaberi. Rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a Satumban 2021 kan yaran jihar ya ambaci mugun mafarki, rashin barci, rashin cin abinci, da firgita in an ji ƙarar babur.

Yaro ɗan shekara bakwai ko goma ba kasafai yake faɗin abin da ke cin ransa ba, sai dai a gani a jikinsa da halinsa. Mai tsoro yana kukan ciwon ciki ko ciwon kai, ya koma fitsarin kwance, ya manne wa uwarsa. Mai fushi yana dukan ƙannensa, yana faɗa a filin wasa. Wanda aka yi wa rasuwa yakan yi shiru, karatu ya daina shiga kansa. Dalili kuwa shi ne jikin da ya sha firgita yana zama cikin shirin gudu ko faɗa, ko bayan haɗarin ya wuce. Bulala ba ta gyara wannan, ƙara shi take yi.

Maganin farko ba ƙwaya ba ne. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa da maido wa yaro tsarin yini: lokacin tashi, lokacin abinci, lokacin aji. Shi ya sa sa yaron da ya yi gudun hijira a lakwal ɗin garin da ya sauka yake cikin magani. Daga nan sai wasa, zane, waƙa da tatsuniya, inda yaro ke fitar da abin da bakinsa ya kasa faɗi. Ana koya masa jan numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi sannu, har bugun zuciya ya lafa. Ana koya masa kiran abin da yake ji da sunansa, da matsawa gefe ya ƙirga goma kafin ya kai hannu.

Ƙungiyar agaji ta Norway, NRC, tana horar da malamai kan irin waɗannan dabaru a ƙasashen Sahel, domin su yi su cikin aji. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, wanda ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane matsalolin ƙwaƙwalwa. Wannan na da muhimmanci a Nijar, inda likitocin fannin ba su da yawa, kuma akasarinsu suna Yamai, kimanin kilomita 180 daga Filinge.

A kan rasuwa, shawarar masana ita ce a faɗa wa yaro gaskiya da kalmomin da zai gane. In aka ce masa baba ya yi tafiya, zai yi ta jiran dawowarsa, kuma ran da ya gane, yarda ta ragu. A bar shi ya yi kuka, ya yi tambaya, ya yi wa mamacin addu'a tare da manya. A tabbatar masa ba laifinsa ba ne, domin yara da yawa suna ɗora wa kansu.

Iyaye da dama sukan fara da malami, a yi tofi ko rubutu, wasu su ce iskoki ne. Addu'a tana kwantar da hankalin gida, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Abin gudu shi ne ɗaure yaro, ko dukansa, ko kiransa mahaukaci.

Yawancin yara suna murmurewa in suna da babba guda da ke sauraronsu, ko uwa ce, ko kaka, ko mushe. Amma in alamun sun wuce wata guda suna ƙaruwa, ko yaro ya daina ci da magana, a kai shi CSI mafi kusa ko asibitin gundumar Filinge, inda za a iya tura shi sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai. In kuwa ya ambaci son mutuwa ko ya ji wa kansa ciwo, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.