Yaron Da Ba Ya Tsawo: Ƙarancin Sinadarin Girma

Iyaye, idan ƙanen yaro ya kamo shi a tsawo, har ya wuce shi, akwai dalili. Sau da yawa dalilin shi ne rashin isasshen abinci, ko tsutsar ciki, ko amosanin jini, ko tarin fuka, ko rashin gishiri mai aidin. Wani kuma gado ya yi, iyayensa gajeru ne. Amma akwai 'yan yara kaɗan da suke cin abinci sosai, ba su laulayi, duk da haka ba su tsawo. Irin waɗannan ne muke zargin ƙarancin sinadarin girma.

Mene ne sinadarin girma?

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan karan hanci, akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake. Likitoci suna ce mata fituwitari. Ita ce take zuba sinadarin girma cikin jini, musamman da dare lokacin barci mai nauyi. Sinadarin yakan je hanta da ƙasusuwa, ya sa ƙashi ya miƙe. Wani yaro ana haifuwarsa da tsokar ba ta aiki sosai. Wani kuma buguwa a kai, ko sanƙarau, ko ƙari a ƙwaƙwalwa ne yake lalata ta.

Alamomi a yara

Jikin yaron daidai yake, sai dai ƙarami. Fuskarsa ta ƙuruciya ce, akwai ɗan kitse a cikinsa, haƙoransa sukan makara. Hankalinsa lafiya lau, don haka kada a cire shi daga makaranta. Wannan dabam yake da wada, mai gajerun hannuwa da ƙafafu da babban kai.

Ido ba ya isa, sai awo. A shekarar farko jariri yakan ƙaru da wajen santimita 25. Daga shekara 4 zuwa balaga yaro yakan ƙaru da santimita 5 zuwa 6 kowace shekara. In bai kai santimita 4 ba, ku kawo shi. Ku riƙa kawo yara awo ko da an gama rigakafi, ku adana katinsu. In akwai ciwon kai kullum, da amai, ko gani yana raguwa, kada ku kwana.

Manya ma suna samu

Macen da ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, tsokar nan takan iya lalacewa. Sai nono ya ƙi zuwa, al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata ya zube, ga kasala da jin sanyi kullum. Ba ragwanci ba ne. Tsokar tana sarrafa wasu sinadarai banda na girma, rashinsu kuwa yana iya kisa. Ƙwayoyin da suke maye gurbinsu ba su kai allurar girma tsada ba, kuma suna ceton rai.

Magani

A asibiti za mu fara bincika abinci, da jini, da bayan gida. Akan ɗauki hoton ƙashin hannun hagu don a ga shekarun ƙashi. In zargi ya yi ƙarfi, sai a tura ku wurin ƙwararren likita a babban birni kamar Yawunde. Maganin allura ce ƙarƙashin fata, yawanci kowace rana, shekara da shekaru. Tun 1985 ake haɗa ta a masana'anta. Gaskiya tana da tsada, kuma sai an ajiye ta a firji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: bayan balaga bakin ƙashi yakan rufe, allura ba ta ƙara tsawo kuma.

Gargaɗi

Kada ku sayi ƙwayoyin ƙiba a kasuwa, musamman dekisametazon. Sukan kumbura fuska a ga kamar yaro ya yi jiki, alhali suna tsayar da tsawonsa.

Wannan ciwo ba sammu ba ne, ba la'ana ba ce, ba a kuma ɗaukarsa. Fastoci, da limamai, da shugabannin zumuntar mata, ku hana yi wa gajerun yara ba'a. In kun ga irinsu a unguwa, ku raka iyayensu zuwa awo.