LINZAMIN HARSHE

Yau ba labarin Alhaji da budurwarsa na kawo muku ba, labarin kaina ne, kuma sai da na yi ta kai kawo kafin na yarda na rubuta shi, domin kuwa babu abin alfahari a ciki.

Duk wanda ya san ni ya san ina da baki. Wata ranar Asabar muka samu saɓani da uwargidana a kan gawayi, gawayi fa jama'a! Magana ta ja magana, ban san lokacin da na ce mata juya ba. Shekararta 11 a gidan nan Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ita ke goya mini ɗana in ina rubutu. Ba ta ce uffan ba, ta kwance yaron daga bayanta ta ajiye mini shi a tabarma, ta shige ɗaki ta saki labule.

Ashe Mama ta ji komai ta katanga. Mama maƙwabciyarmu ce, Kirista, Bahaushiyar Wusasa ta kusa da Zariya, inda 'yan mishan suka koma a 1929. Tsohuwar nas ce, ita ce ma ta karɓi haihuwata. Da la'asar ta aiko wai in zo.

Na tarar tana tsince shinkafa, Littafi Mai Tsarki na Hausa a gefenta. Ta taɓa gaya mini tun 1932 aka fitar da shi cikakke da Hausa, na kakarta ma yana nan a akwati. Ta ce, "'Yata, kin taɓa ganin dokin Sallah?" Na ce sau nawa. Ta ce, "Duk girmansa, me ke juya shi?" Na ce linzami. Sai ta ce da wannan misalin Yakubu ya yi musu gargaɗi a sura ta 3 ta wasiƙarsa, ya kuma kwatanta harshe da 'yar wutar da ke cinye daji. Abin da ya fi damun Yakubu, in ji ta, bakin da aka yabi Allah da shi da safe, da shi ake tsine wa mutum da rana.

Ni kuma da taurin kai na ce, "To Mama, ita ce fa ta fara. Ku a addininku ba a fushi ne?" Ta yi dariya ta ce ana yi mana, Yesu da kansa ya kife teburan masu canjin kuɗi a Haikali. Fushin ba shi ne zunubin ba, abin da mutum ya aikata a cikinsa ne. Shi ya sa Bulus ya ba mutanen Afisa wa'adi, kowa ya gama da fushinsa kafin faɗuwar rana. Ta ce a Zumuntar Mata sukan tuna wa juna cewa ko baiko mutum ya kai gaban bagade, in ya tuna wani na riƙe da shi a rai, sai ya ajiye ya je su shirya tukuna.

Wannan wa'adin na rana ya yi mini tsauri, ni da nakan kwana uku ina kumburi. Amma na tuna malaminmu na Islamiyya ma ya ce mai fushi ya yi shiru, in a tsaye yake ya zauna, ya yi alwala. Na san wannan tun ina 'yar aji uku, aiki da shi ne dai ban yi ba.

Na ce, "In ta ƙi yafe mini fa?" Mama ta ce, "Wannan nata ne. Ke dai naki ki je, kuma kada ki kuskura ki ce 'amma ke ma'."

Kafin magariba na durƙusa a ƙofar ɗakin, na ce, "Yaya, don Allah ki yafe mini, na zalunce ki." Shiru. Can ta ce, "Na ji." Ba ta ɗaga labulen ba.

Kwana 19 muna gaisuwa kawai. Ran na 20 ina cikin rubutu yaron ya fasa kuka, kafin na tashi na ji muryarta daga tsakar gida tana cewa, "Miƙo mini zanen goyon nan."